Wa Zai Kauce a Bakin Kogi

Izbatul Burj,
Talata, cikin Amshir, watan iska da sanyi.

Zuwa ga 'yata Nawal,

Yau Talata. Na tashi da tarin nan da kika sani, ƙafar hagu kuma sai da na lallashe ta kafin ta yarda ta taka ƙasa. Amma na yi sallar asuba a tsaye, don haka ba ni da ƙara. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Ustaz Fu'ad da yara. Yaya sanyin Iskandariyya? Mu nan iska ta hana taga rufuwa.

Na san za ki ce, "Baba, ga waya, me ya kai ka ga takarda?" Wayar nan in kina magana a cikinta, ji nake kamar daga ƙarƙashin ruwa kike kirana. Kunne ya tafi, ido da hannu ne suka rage, kuma malamin da ya koya mini rubutu bai yi aikin banza ba.

Maganar yayanki Subhi ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun da likita ya sauke ni daga jirgin kamun kifin nan Mabruka saboda kunne da ƙirji, Subhi ne ke riƙe da sitiyarinta. Shi ke sanin inda za a jefa taru, shi ke dawo da mutane gida. Amma takardar rayis, wato shugaban jirgi, da ake nuna wa hukuma ba tasa ba ce, ta Rayis Hilmi ce, wanda aikinsa a jirgin shi ne shan shayi da barci. To, Hilmi ya kwanta ciwo, ba zai sake hawa ruwa ba.

Jiya Haj Darwish mai jirgin ya hawo benen nan da kansa, yana haki. Ya zauna ya ce, "Abu Subhi, ba na ɓoye maka. Yanzu jirage na kan tudu ana gyara. Ranar da hukuma ta buɗe teku aka koma kamun kifi, in Subhi na da takarda, Mabruka tasa ce. In ba shi da ita, surukina ya gama makarantar jiragen ruwa, zan ba shi." Ban ga laifinsa ba. Surukin nan yaro ne mai hankali, yana gaishe ni a hanya. Sai dai Mabruka ni na fara fitar da ita daga kogin nan tana warin fenti, a cikinta Subhi ya koyi ɗaurin igiya. Ba zan so in leƙa taga in ga wani tsaye a wurinsa, shi kuma yana naɗe taru a baya ba.

Da na aika aka kira shi kan maganar jarrabawar takardar, sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya zo karɓar bashi. Ya ce, "Baba, ni da furfura a gemu in je in zauna gaban kwamfuta kamar ɗan firamare?" Na ce, "A'a, kada ka je. Ka zauna gaban surukin Haj Darwish kana cewa, 'To, Rayis. An gama, Rayis.' Wannan ya fi dacewa da furfurarka." Sai ya ce, "Karatuna fa a hankali yake tafiya." Na ce, "Mabruka ma a hankali take tafiya, ta taɓa ƙin isowa?"

Abin da nake roƙonki shi ne. An ce yanzu ba a zuwa ofis a yi layi, ta kwamfuta ake kama rana a cibiyar jarrabawa da ke garinku. Ki kama masa. Ya riga ya yi gwajin ido, an ɗauke shi hoto, takardar shaidar shekarunsa a ruwa kuma Haj Darwish ya sa hannu. Shi ba zai roƙe ki ba, kin san girman kan gidanmu. Ki sauke shi a gidanki, kuma ki hana Ustaz Fu'ad yi masa tambayoyi a wurin cin abinci.

Ki gaishe da yara. Na ba mai kawo wasiƙar nan alewar mushabbak, a raba musu daidai.

Mahaifinki,
Mitwalli.

*

Izbatul Burj,
Lahadi.

'Yata Nawal,

Yau Lahadi, jikin da sauƙi, sai dai abinci ba ya shiga. Maƙwabciyata Ummu Ragab ta kawo miyar kifi ta tsaya a kaina har na sha rabi. Ina fata kuna lafiya.

Wasiƙarki ta iso. Kin ce Subhi ya dawo daga cibiyar, ya ɗauki jakarsa, ya ƙi cin abincin da kika dafa, ya ce miki kawai "Allah bai nufa ba" ya tafi tasha. Kada ki ji haushi. Ni ma sai da ya yi kwanaki yana kewaye layin nan kafin ya hawo. Ga abin da ya faru, ki riƙe a cikinki.

Ya ce tun daga ƙofa aka fara tuɓe shi. Waya, agogo, carbi, har hankici, duk aka sa ya zuba a wani ƙaramin akwatin ƙarfe aka kulle. Aka duba fuskarsa aka duba katinsa. Aka kai shi wani ɗan lungu mai katako dama da hagu, "kamar akurkin kaji, Baba," ga agogo a saman allon yana cin lokaci a gaban idonsa. Tambayoyin fitilun jirgi ya amsa. Na iska da taswira da kashe gobara ya amsa. Ya ce har ya fara jin abin ba komai ba ne.

Sai aka zo kan wa zai kauce. Aka nuna masa jirage biyu hanyarsu za ta gitta, aka ce wanne zai ba da hanya. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya ɗaga hannu. Yarinyar da ke tsaron ɗakin ta zo. Ya ce mata, "'Yar'uwa, waɗannan biyun, wanne ne babba?" Ta ce, "Kawu, girmansu ɗaya." Ya ce, "Ba jirgin ba, mai tuƙin." Ya ce ta dube shi kamar ya tambaye ta sunan kakar kwamfutar. Ya ce, "To wanne ne yake dawowa da kifi, wanne ne yake fita?" Ta ce, "Kawu, ba a magana a nan."

Nawal, ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, har tari ya sarƙe ni, shi ya bubbuga mini baya yana fushi. Amma da na natsu sai na ga ba abin dariya ba ne. Yaron nan abin da muka koya masa ya amsa. A bakin kogin nan tun kakanni, ƙarami ke kauce wa babba, mai fita wofi ke kauce wa mai dawowa da kaya, in kuma muka ga jirgin dakon mai a teku ba ma tambayar littafi, gefe muke yi. Littafi kuwa bai san furfura ba. Cewa ya yi wanda ya ga ɗan'uwansa ta hannun damansa, shi zai kauce, ko da na daman jariri ne. Har cewa ya yi jirgin da ke jan taru, ƙaton jirgi ne zai kauce masa. Subhi ya ce, "Baba, wa zai yarda da wannan? Wanda ya rubuta ya taɓa tsayawa gaban jirgin mai da taru a ruwa?" Duk tambayoyin sashen nan ya amsa su da ladabin garinmu Izba, sashen kuma shi ne wanda ba a yafe faɗuwa a cikinsa.

Ya ce ba zai koma ba. Na bar shi ya gama. Na ce, "Ni da na yi tawa jarrabawar a birnin Bur Sa'id, wani hafsa mai gashin baki ne ya jera ƙananan jirage na katako a tebur yana tura su yana yi mini tsawa. Littafin nan na haddace shi kamar Fatiha, kuma bai hana ni gaida manya ba. Kawo tiren shayi."

Yanzu ga aikinki. An ce wanda ya faɗi sai ya jira wani lokaci kafin a sake ba shi rana. Ki duba ko akwai wadda za ta zo kafin a buɗe teku. Kafintoci sun gama da cikin Mabruka, saura fenti. Daga tagar nan ina ganinta, kullum tana ƙara kyau, kullum lokaci yana ƙara ƙurewa.

Mahaifinki mai sa miki albarka,
Mitwalli.

*

Izbatul Burj,
Alhamis, cikin Baramhat, watan da ke bin Amshir.

Nawal 'yar albarka,

Yau Alhamis. Likita ya zo ya saurari ƙirjina, ya yi irin fuskar da sukan yi, ya ƙara mini ƙwaya. Na ce masa injin tsoho ne, kada ya ɓata mai a kansa. Ina gaishe ku duka.

Allah ya saka miki. Da kika rubuto cewa duk ranakun da suka rage sai bayan buɗe teku, ban gaya wa Subhi ba, na ci gaba da koya masa kamar ba komai. Ummu Ragab ce kawai ta san ba na cin abinci. Shekaranjiya sai ga ta ta hawo da wayarta a hannu, ta sa baki a kunnena ta kwarma ihu, "Abu Subhi! Nawal ta ce wani ya fasa, ta cafke ranarsa!" Na ce, "Na ji, ke da ba kya buƙatar lasifika." Ta ce, "Ka ji don na yi ihu, tsohon kurma." An ce kullum kina buɗe kwamfutar kafin ki tafi aiki da bayan kin dawo, kina fakon wanda zai janye. Jinin masunta ne a jikinki, ko da kin ƙi warin kifi.

Bari in ba ki labarin makarantarmu. Kullum bayan la'asar, in ya tashi daga wurin fenti, sai ya hawo. Tiren mahaifiyarku, mai zanen inabi, shi ne teku. Kofin shayi jirgi, gwangwanin sukari jirgin mai, cokali kuma kwale-kwale. Ina turawa ina tambaya. Kansa ya riga ya gane, hannunsa ne ya ƙi. In na tura kofina, kafin ya yi tunani hannunsa ya janye nasa, don ni ne ke tura ɗayan. Na ce, "Wa ke damanka?" Ya ce, "Babu kowa, kai kana haguna." Na ce, "To me ya sa ka kauce?" Ya ce, "Kai ne fa, Baba."

Na buga tebur har sukari ya zube. Na ce, "A ɗakin nan ba ni da suna! Ba ka ce akwai akwatin da ake kulle waya da agogo ba? To ka haɗa da ladabinka da ni da duk tsofaffin Izba ka kulle a ciki, ka shiga kai kaɗai."

Sai ya ajiye kofin ya dube ni. Ya ce, "Kai ke faɗin haka? Ka tuna ranar da ka fara ba ni sitiyari, na sha gaban Rayis Bayumi a bakin kogi? A gaban mutane ka kwaɗa mini mari, har yau in ana sanyi kunnen nan yana tuna mini." Na ce, "Na tuna, kuma da za a maimaita da na ƙara maka." Ya yi dariya, na yi. Bayumi kin san shi, tsohon nan da ya girme ni, wanda har yanzu ya ƙi sauka daga ruwa, yana ƙetare kogi da ɗan jirginsa mai tari kamar ni.

Daga ranar hannunsa ya fara jin magana. Jiya na tura gwangwanin sukari a kansa da gangan, kofinsa yana jan taru, ya tsaya cak bai motsa ba, ya ce, "Kauce, Haj, littafi ya ce ni ke da hanya." Na ce madalla.

Amma bayan ya sauka na zauna ina kallon tiren, sai wani tunani ya dame ni. Ke kaɗai zan gaya wa. Shekaru na yi ina dasa abu a cikin yaron nan, yanzu ni da hannuna nake tumɓuke shi don takarda. Na ga wasu sun je sun dawo da takarda, sun dawo ba sa ganin kowa a ruwa sai dama da hagu. Ina so ya ci, Allah ya sani. Sai dai ina tsoron ya buɗe akwatin nan ya ɗauki waya da agogo, ya manta sauran a ciki.

Zai iso gare ki ranar jajibirin jarrabawar. Kada ki cika shi da abinci mai nauyi. Ki tashe shi da wuri, an ce wanda ya makara ba a buɗe masa ƙofa ko da ɗan wane ne.

Mahaifinki,
Mitwalli.

*

Izbatul Burj,
Juma'a, bayan la'asar.

'Yata Nawal,

Yau Juma'a. Ban iya sauka masallaci ba, a kujera na yi salla. Numfashi gajere ne, hannu yana rawa, za ki gani a rubutun. Amma kada ki damu, ban taɓa jin daɗin rana irin ta yau ba tun rasuwar mahaifiyarku. Ina gaida Ustaz Fu'ad da ya raka shi har ƙofar cibiyar, ina gaida yara.

Ke kika riga ni ganin takardar, to ba sai na ba ki labari ba. Ni labarin cin jarrabawar ta tagar Ummu Ragab ya fito, guɗa ta rangaɗa wadda ni ma kurma na ji. Kafin magariba duk layin ya sani. Mai shayi na ƙasa ya aiko mini da kofi ya ce kyauta ne ga uban rayis. Haj Darwish ya aiko a ce mini magana ta ƙare, Mabruka ta Subhi ce, surukinsa zai bi shi a matsayin mataimaki, kuma yaron da kansa ya ce ya yarda. Rayis Subhi ɗan Rayis Mitwalli. Na rubuta shi a bayan kwalin magani don in ga yadda yake a rubuce.

Daga tasha wurin jirgi ya wuce, don ana ta loda ƙanƙara da mai. Ya aiko matarsa ta ce mini yau bayan sallar Juma'a zai hawo da takardar in riƙe ta da hannuna. Na sa Ummu Ragab ta yanka agwagwa ta cusa mata albasa yadda mahaifiyarku ke yi. Ta ce, "Kai da ba ka cin cokali uku?" Na ce, "Ba ni zan ci ba, rayis ne zai ci." Na sa jallabiyata mai ruwan toka, na fito da tsohuwar takardata daga akwati don in ajiye su gefe da gefe.

Da hantsi sai na ga bakin ruwa ya rikice. Mutane na gudu da buhunan burodi, mata na tsaye a kan dakali. Ashe an buɗe teku tun yau, ba sai sabon mako ba kamar yadda aka zata, kuma iska ta kwanta. Kin san yadda abin yake, wanda ya riga fita shi ke samun wuri mai kyau. Na jawo kujera bakin taga, na ɗauko tsohon abin hangen nesana.

Mabruka ce ta huɗu ko ta biyar a layi. Shuɗin fentinta yana ƙyalli, tana tura kumfa a goshi. Na gan shi a ɗakin tuƙi, ya tsaya yadda nake tsayawa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Suna dab da bakin kogi sai ga wani ɗan jirgi ya taso daga tsallake, daga wajen Ra'asul Barr, yana hayaƙi baƙi, zai gitta gabansu. Ko ba abin hangen nesa na san hayaƙin nan. Bayumi ne. Kuma ta hannun hagun Subhi ya ɓullo. Nawal, wannan ita ce tambayar da na yi ta tura masa a tire, ba ƙari ba ragi. A littafi Subhi ke da hanya, Bayumi ne zai jira. Ga takarda sabuwa a aljihu, ga surukin mai jirgi a gefensa wanda ya san littafin, ga jirage a baya kowa na sauri. Na riƙe ƙarfen taga. Ban san me nake roƙo ba.

Tun da sauran nisa, tun kafin kowa ya shiga shakka, na ga kumfar goshin Mabruka ta kwanta. Ya rage inji, ya ɗaga wa na bayansa hannu su ma su rage. Ya fito daga ɗakin tuƙi ya tsaya a fili inda tsohon zai gan shi, ya ɗora hannu a ƙirji, ya miƙa ɗayan yana nuna masa hanya. Bayumi ya wuce a hankali, a hankali, kamar ango, bai ko ƙara wuta ba, tsohon banza. Da ya gitta sai ya cire hularsa ya ɗaga sama. Sannan Mabruka ta sake tura kumfa, ta fita.

Bai manta komai a akwatin ba, Nawal. Ya kwaso duka.

Na bi ta da ido har ta zama ɗigo. Kin san in ta fita takan yi makonni. In ya dawo ya same ni, zan riƙe takardar in yi masa faɗan rashin cika alkawari. In kuma ya dawo ya tarar da taga a rufe, ki gaya masa ina zaune a nan, na gani da idona, kuma ba ni da sauran tambaya.

Ummu Ragab ta hawo ɗazu ta ga faranti biyu a tebur. Na ce ta kai wa matarsa da yara agwagwar, ta bar mini fiffike ɗaya. Tsohuwar takardata tana nan a kan tire ita kaɗai, an kira la'asar, shayin da na haɗa masa ya huce.

Rayis bai zo ba. Yana bakin aiki.

Mahaifinki,
Mitwalli, uban Rayis Subhi.